Muhawara: Koyar da kimiyya da kwamfuta da mutum-mutumi, fanni ne a jami'a ko yayi?

Malamar Fiziks: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Fiziks na karanta a digirin farko, yanzu ina koyarwa a sakandare, kuma ni ke riƙe da ƙungiyar yaran da ke haɗa mutum-mutumi bayan an tashi. Abin ya shiga raina har ina tunanin komawa jami'a in yi digiri na biyu da na uku a kansa, in zama mai bincike kan yadda kwamfuta da irin waɗannan na'urori ke taimaka wa yaro ya gane kimiyya. Inda na tsaya cak shi ne ƙofar shiga: sashen fiziks, ko na kwamfuta, ko tsangayar ilimi? Sannan fanni ne da mutum zai tsufa a cikinsa, ko yayi ne da zai wuce?

Injiniyan Lantarki: Wa alaikumus salam. Malama, gara ki ji tun yanzu, yayi ne. Kamfanin Lego ya fito da Mindstorms, akwatin kayan haɗa mutum-mutumi na yara, a 1998, makarantu suka yi ta rububinsa, aka yi ta rubuce-rubuce a kansa, ƙarshen 2022 kamfanin ya daina yin sa. Wanda ya gina sunansa a kan wannan akwatin yau ina ya dosa? In mutum-mutumi kike so, ki je sashen injiniya ki koyi na gaske, na masana'antu da asibitoci. In fiziks kike so, ki yi fiziks zalla. Amma kika tsaya a tsakiya, 'yan fiziks za su ce ke 'yar ilimi ce, 'yan ilimi su ce ke 'yar kwamfuta ce, ranar ƙarin girma kowa ya zame jikinsa.

Ɗan Kwamfuta: Kai Injiniya! A bar baiwar Allah ta gama zama mana.

Tsohon Malamin Jami'a: 'Yata, sannu da ƙoƙari. Maganar Injiniya ta ƙarshe akwai ƙamshin gaskiya, zan dawo kanta. Amma batun yayi ban yarda ba. Abin da ya haura shekara sittin ana yi ba a ce masa yayi. Tun 1960 Jami'ar Illinois a Amurka ta fara tsarin PLATO na koyarwa da kwamfuta, lokacin kwamfuta ɗaya na cika ɗaki. A 1967 Seymour Papert da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro Logo, harshen kwamfuta domin yara. Shi Papert masanin lissafi ne, haifaffen Afirka ta Kudu, ya yi shekaru yana aiki da Jean Piaget a Geneva kan yadda tunanin yaro ke ginuwa kafin ya koma jami'ar MIT a Amurka. Ku lura da wannan: ba daga wajen na'ura ya shigo ba, daga wajen yaro ya shigo.

Sun yi wani ɗan mutum-mutumi mai taya da suka kira kunkuru, yana tafiya a ƙasa da alƙalami a cikinsa. Ka ce wa yaro ya sa shi ya zana da'ira. Yaron ba shi da wata dabarar lissafi, sai ya miƙe ya zagaya da ƙafarsa, ya lura da abin da jikinsa ke yi: taku kaɗan, juyi kaɗan, taku kaɗan, juyi kaɗan. Sai ya rubuta wa kunkurun haka, a maimaita sau 360, da'ira ta fito. Ra'ayin Papert ke nan a taƙaice, yaro ya fi koyo idan yana gina abin da zai gani a gabansa, ya ɓaci ya gyara. Sunan Mindstorms ɗin ma daga littafinsa na 1980 Lego suka samo shi. Akwatin ne aka daina sayarwa, Injiniya. Tambayar da ta haifi akwatin har yau ba a gama amsa ta ba.

Kuma kada ki ɗauka an yi ta tafa wa Papert ne kawai. A 1984 Roy Pea da Midian Kurland suka bincika ko yaran da suka koyi Logo sun fi sauran iya tsara aiki a harkokin da ba na Logo ba, ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba. Aka yi ta musu a kan ko laifin Logo ne ko na yadda aka koyar da shi. Wannan musun shi ne fannin. In kina jin daɗinsa, to kin iso gida.

Malamar Fiziks: Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wallahi ni dai abin da nake gani a ƙungiyarmu shi ne yara na murna, ba sa son a tashi. Wannan ba hujja ba ce?

Mai Neman Digirgir: Ƙanwata, a nan fa kowa ke faɗawa rami. Murna ba fahimta ba ce. Je ki buɗe maƙalun da ake bugawa kan mutum-mutumi a makarantu, za ki ga tsari ɗaya yana ta maimaituwa: an tara yara 'yan kwanaki, an ba su kaya, an raba takarda an tambaye su ko sun ji daɗi, sun ce e, an rubuta cewa na'urar ta inganta koyo. Duk sabon abu da ka shigo da shi aji yara za su yi ɗokinsa. Sai ɗokin ya kwanta ake sanin abin da ya saura. Wata mai bincike 'yar Brazil, Fabiane Benitti, ta tace rubuce-rubucen fannin a 2012 tana neman waɗanda suka auna abin da yara suka koya da alƙaluma, guda 10 kacal suka cika sharuɗɗanta. An samu ƙari tun daga lokacin, amma ki ga girman gurbin.

Sai matsalar ƙungiya irin taki. Su wa ke zama bayan an tashi? Waɗanda dama suna son kimiyya. In suka fi sauran ci a jarrabawa, mutum-mutumin ne ya sa, ko dama can haka suke? Haka ma gasanni, FIRST Lego League da aka fara a 1998, ko World Robot Olympiad ta 2004. Abin sha'awa ne, amma yaran da suka kai can zaɓaɓɓu ne tun daga tushe.

Malamin Lissafi: Bari in ba ku abin da nake gani da idona a aji, don ya fi dogon bayani. Ɗan mutum-mutumin da muke amfani da shi faɗin tayarsa santimita 5.6 ne. Na manna tef a ƙasa, daga layi zuwa layi mita ɗaya, na ce su sa shi ya tashi daga wannan ya tsaya daidai kan wancan. A raina, yaro zai lissafa kewayen taya, ya samu kusan santimita 17.6, ya raba 100 da shi, ya ga taya za ta juya kusan sau 5.7. Ina! Sai su rubuta 5, su sake shi, bai kai ba. Su sa 6, ya wuce. Su sa 5.5, saura kaɗan. Su sa 5.7, ya tsaya kan layi, aji ya ɗauki sowa. Cikin 'yan mintoci sun gama, ba wanda ya taɓa ruler, ba wanda ya tuna akwai wani abu wai shi pi. Da baƙo zai leƙo a lokacin sai ya ce darasi ya yi armashi.

Da na sauya doka sai labari ya sauya. Na ce gwaji ɗaya tak kowane rukuni ke da shi, kuma sai an rubuta lissafi a takarda kafin a taɓa na'ura. Nan da nan aka fara neman zare ana naɗa wa taya, ana musu ko faɗi ake aunawa ko kewaye. Na'ura ɗaya, yara ɗaya, malami ɗaya. Umarnin aikin ne kawai ya bambanta.

Mai Neman Digirgir: Malam, abin da ka ba da labarinsa kenan shi ake rubuta kundin digiri a kai. Tsohuwar gardama ce. Richard Clark ya rubuta a 1983 cewa kayan koyarwa abin ɗauko darasi ne kawai, kamar motar da ta kawo kayan abinci, ba ita ke gina jiki ba. Robert Kozma ya mayar masa da martani cewa akwai abin da wata na'ura ke iya nunawa wanda allo da alli ba za su iya ba, don haka ba a raba hanya da kayan aikinta. Labarinka ya ba kowannensu rabin gaskiya.

Injiniyan Lantarki: To ai kun dawo kan maganata. In umarnin malami ne ke aiki, a horar da malamai a bar sayen kayan wasa. Shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro da Nicholas Negroponte ya ƙaddamar a 2005, Peru ta saya da yawa ta raba. Aka yi bincike a makarantun firamare 319 na karkara, sakamakon ya fito a 2012: ba ƙaruwa a jarrabawar lissafi, ba ƙaruwa a ta harshe. Rahoton OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki ta ƙasashe, na 2015 ma ya ce ƙasashen da suka zuba kuɗi sosai a kwamfutocin makarantu ba su ga wani ci gaban kirki a karatu da lissafi da kimiyya ba. Ku amsa wannan.

Tsohon Malamin Jami'a: Madalla, Injiniya, ka yi karatu. Amma su wa suka gano abin da ka kawo? Masu binciken ilimi ne, masu zuwa makaranta su auna, ba masu sayar da kwamfuta ba. Irin aikin da yarinyar nan ke son koya kenan. Aikinta ba tallar na'ura ba ne. Wata rana aikinta shi ne ta ce wa hukuma kada ku saya.

Kuma akwai inda na'urar ta yi abin da ba a zata ba. Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a fiziks a 2001, ya kafa PhET a Jami'ar Colorado a 2002, manhajojin kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya. A 2005 Noah Finkelstein da abokan aikinsa suka buga wani bincike: wasu ɗalibai sun yi darasin da'irar lantarki da batir da waya da ƙwan fitila na gaske, wasu sun yi a kwamfuta. Na kwamfutar suka fi amsa tambayoyin fahimta, kuma da aka ba kowa kayan gaske ya haɗa, nan ma suka fi. Dalilin da ake bayarwa mai sauƙi ne. A manhajar ana ganin cajin lantarki na zagayawa a cikin waya, abin da ido ba ya gani a zahiri, sannan ba a ɓata rabin lokaci wajen neman wayar da ba ta kama ba ko batir da ya mutu.

Ga wani da na fi so. Akwai sensa mai auna nisa da sautin da kunne ba ya ji. Ka ɗora ta a tebur, ɗalibi ya yi tafiya a gabanta, kwamfuta na zana giraf na nisansa da lokaci yana tafe. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar giraf kamar hoton hanya ne, in layi ya yi sama wai an hau tudu. Sai ka zana layi a kwance ka ce ya yi tafiyar da za ta fitar da shi. Ya fara tafiya, layin ya karkace. Ya ƙara sauri, ya ƙara karkacewa. Ya tsaya yana sosa ƙeya, sai ga layin ya miƙe a kwance, don tsayuwa wuri ɗaya ita ce amsar. Ronald Thornton da David Sokoloff sun gina darussa masu yawa a kan wannan. Heather Brasell kuma ta nuna a 1987 cewa in aka jinkirta fitowar zanen da daƙiƙa 20 zuwa 30 kawai bayan tafiyar, yawancin amfanin ya zube. Ka ga nan alli ba zai iya ba, don sirrin shi ne jiki na motsi ido na ganin layi a lokaci guda.

Injiniyan Lantarki: Na sensar nan na karɓa, ranka ya daɗe. Amma wannan kayan awo ne, ba mutum-mutumi ba. Har yanzu ban ga abin da motar roba mai bin baƙin layi ke koya wa yaro na fiziks ba.

Ɗan Kwamfuta: Tana koya masa cewa umarnin da ya rubuta shi na'ura ke bi, ba wanda ke cikin ransa ba. Wasu manya ma har yau ba su gane wannan ba.

Mai Kula da Zaure: Jama'a, muhawara ta yi daɗi, amma Malama ta yi tambaya kan ƙofar shiga, ba a amsa mata ba.

Tsohon Malamin Jami'a: Gaskiyarka. 'Yata, duk ƙofofin uku ana shiga, sai dai kowacce da abin da za ta nema a wurinki. Akwai jami'o'in da binciken koyar da fiziks yake cikin sashen fiziks kansa. Lillian McDermott ta yi shekaru tana jagorantar irin wannan rukuni a Jami'ar Washington, kuma ƙungiyar masana fiziks ta Amurka tana da mujalla ta musamman kan haka tun 2005. A can digirinki na fiziks ne, za ki yi kwasa-kwasansa masu nauyi. A tsangayar ilimi za ki samu hanyoyin bincike da ilimin yadda ake koyo, kuma nan ne aka fi samun gurbin aiki, tunda kullum ana horar da malaman kimiyya. Sashen kwamfuta kuwa na wanda yake son ƙera manhaja ko na'urar da kansa ne.

Ni ba sunan sashe zan sa ki duba ba. Duba mutumin da zai duba aikinki. Karanta maƙalunsa na baya-bayan nan, ga mujallun da yake bugawa, ga inda ɗalibansa suka samu aiki. In duk rubutunsa tambayar ra'ayi ce, malamai na ganin kaza, ɗalibai na ganin kaza, bai taɓa shiga aji ya auna koyo ba, ki yi gaba. Maganar Injiniya ta ƙarin girma kuwa, maganinta ki zaɓi gida ɗaya ki zauna daram, ki riƙa bugawa a mujallun da mutanen gidan suka sani, haɗin gwiwa da sauran sassa ya zama ƙari. Kwamitin da zai auna ki ba zai karanta miki zuciya ba, sunan mujalla zai fara dubawa.

Kuma ki riƙe fiziks ɗinki da kyau, kada ki sake shi. Lee Shulman ya yi bayani a 1986 cewa sanin darasi daban, sanin yadda ake koyar da wannan darasin takamaimai daban: ina ɗalibai ke tuntuɓe, wane misali ne ke buɗe musu kai. Wanda bai san fiziks ba ba zai gane cewa yaron da ya ba da amsa daidai yana iya riƙe da gurguwar fahimta ba.

Mai Neman Digirgir: In ƙara kan na Baba, ki shirya wa abin da ba a nunawa a hotuna. Rabin aikin nan ba haɗa na'ura ba ne. Neman izinin kwamitin ɗa'ar bincike ne, da na makaranta, da sa hannun iyaye tunda yara ne. Ki tsara komai, jarrabawa ta zo ta cinye makonninki. Ki ɗauki bidiyon yara uku suna gardama a kan na'ura, ki zauna kina rubuta kowace kalma da wanda ya miƙa hannu da wanda aka ture. Ilimin ƙididdiga kuwa ba makawa, ki fara tun yanzu.

Ki nemi gwajin nan na fahimtar ƙarfi da motsi da David Hestenes da abokansa suka fitar a 1992, ki ga yadda ake gina tambaya ta yadda amsoshin kuskure su ne ainihin abin da ɗalibai ke tunani. Richard Hake ya tattara sakamakon kwasa-kwasai 62, ɗalibai sama da 6,000, ya buga a 1998. Ya auna kason da ɗalibi ya cike daga abin da bai sani ba a farko: azuzuwan lacca zalla kusan 0.23, waɗanda ɗalibai ke aiki da hannu da tattaunawa kusan 0.48. Lura, ba kwamfuta ya raba su da ita ba, yadda ake tafiyar da ajin ne.

Malamar Fiziks: Yaya, in jami'ar da na samu ba ta da ɗakin gwajin mutum-mutumi fa?

Ɗan Kwamfuta: Wannan ba ya hana komai yanzu. PhET kyauta ne, ana saukewa a yi aiki ba intanet. Scratch na MIT, harshen kwamfuta domin yara, yana nan tun 2007. Arduino tun 2005, micro:bit tun 2016, su biyun ƙananan allunan lantarki ne da za ki haɗa wa sensa da taya. Wayar hannunki ma cike take da sensa, manhajar phyphox ta Jami'ar Aachen a Jamus tana fito miki da alƙalumansu. Ɗakin gwajinki aji ne, kuma kina da shi.

Mai Neman Digirgir: Ƙwarai. Yawancin abin da nake karantawa an yi shi ne a ƙananan azuzuwa, yara biyu na'ura ɗaya. Me ke faruwa in yara takwas ne a kan na'ura ɗaya? Wa ke riƙe kwamfuta, wa ke rubutu a takarda, wa ke kallo kawai? Wanda ya amsa wannan da hujja za a karanta shi.

Malamar Fiziks: Wannan na lura da shi, sau da yawa 'yan matan ne ke ƙarewa da riƙe biro. Amma labarin Malamin Lissafi ne ya tsaya mini a rai. Ga abin da nake tunanin rubutawa a takardar neman gurbi: in kwatanta aji biyu a darasin sauri da nisa, duka da na'ura ɗaya. Ɗaya su gwada iya son ransu, ɗaya sai sun rubuta hasashe da lissafi kafin gwaji. In yi musu gwaji kafin a fara, da bayan an gama, da kuma bayan wata guda.

Tsohon Malamin Jami'a: Yanzu kika yi tambayar da za a iya dubawa. Ki kula da abu biyu. Aji biyu kacal sun yi kaɗan, don bambancin na iya zama na ajin ne ba na hanyar ba, amma sun isa gwajin share fage. Sannan in ke ce ke koyar da duka biyun, zuciyarki na tare da hanya ɗaya, kuma yara na ji a muryar malami. Ki nemi wani malamin ya karɓi wasu azuzuwan, takardun gwajin kuma wanda bai san wane aji ne wane ba ya duba su.

Injiniyan Lantarki: Ki ƙara aji na uku da ba na'ura sam, keken wasa da tef da agogo kawai. In suka yi daidai da sauran, ki dawo zauren nan ki faɗa mana da bakinki.

Malamar Fiziks: Na karɓa, Injiniya. Zan sa shi.

Malamin Lissafi: Malama, kafin ki fara, ki sa umarnin tafiyar ya zama da yawan juyin taya, ba da daƙiƙoƙi ba, don in batir ya yi sanyi saurin na raguwa, lissafin yara ya fito daidai na'ura ta ƙaryata su. Ki goge tayoyin kuma ki gwada daɓen ajin tukuna. A kan siminti mai santsi ko ƙura taya na zamewa, mita ɗaya sai ta gaza da santimita biyu ko uku, kuma masu gwaji ɗaya tak su ne abin zai fi shafa.